Siminti, laim, kwalta ko canza ƙasa: wanne ya dace da ƙasar da za ka yi titi ko gini a kanta?

An share fili, an fara haƙa, sai a tarar ƙasar ba za ta ɗauki abin da ake son ɗora mata ba. A nan shawara ke yin yawa. Magini ya ce a ƙara siminti. Wani ya ce a kwashe ƙasar gaba ɗaya a zubo burji. Injiniya ya ambaci laim, wato ƙonannen dutsen farar ƙasa, ko shimfiɗar roba da ake binnewa. Kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, kuma kowannensu zai cinye maka kuɗi a banza idan ka kai shi inda ba nasa ba.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, a yankinmu kuskure biyu sun fi kashe ayyuka: ɗaukar siminti a matsayin maganin kowace ƙasa, da raina dannewa da magudanar ruwa saboda ba a ganinsu bayan an gama aiki. Duk abin da zan kwatanta a nan yana komawa kan waɗannan biyun.

Abubuwan da za ka auna kafin ka zaɓa

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne irin ƙasar. Kusan iri huɗu muke cin karo da su. Akwai jar ƙasa da burji, waɗanda suka wadata a Kano, Kaduna, Zariya, Bauchi da Neja, kuma su ne ƙashin bayan titunanmu. Akwai yashi da jigawa na arewacin Katsina, Jigawa, Yobe, har zuwa Maraɗi da Damagaram, ƙasar da ba ta kumbura amma ba ta kama jikinta. Akwai lakar fadama, mai laushi, wadda ruwa ke kwance kusa da samanta. Sai baƙar laka mai kumbura, wadda manoman masakwa suka fi kowa sani: Numan, Guyuk, Deba, Dikwa, Marte, Ngala. An ƙiyasta ta mamaye kusan murabba'in kilomita 104,000 a arewa maso gabashin Najeriya, kuma ita ce dai ake samu a wajen Marwa da Kusiri a Kamaru, da kudancin tafkin Chadi, da Jazira a Sudan. Da rani takan tsage har hannu ya shiga, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga duk abin da ke kanta. Dalilin shi ne wani ma'adinin laka da ke cikinta, mai suna montmorilonayit, wanda ke jan ruwa tsakanin ɓawonsa.

Ido yana iya ba ka labarin farko. Jiƙa ƙasar ka murza ta a tafin hannu: idan ta yi doguwar igiya siririya ba ta karye ba, laka ta yi yawa. Zuba ta a kwalba da ruwa ka girgiza: yashi zai kwanta cikin minti guda, laka kuwa za ta bar ruwan a gurɓace har kwana ɗaya ko fiye. Amma wannan bai isa a yanke hukuncin aikin miliyoyi ba. Sassan koyar da injiniyan gine-gine a ABU Zariya, BUK, ATBU Bauchi da Jami'ar Maiduguri suna da ɗakunan gwajin ƙasa, haka ma ma'aikatun ayyuka. Abin da za ka nema shi ne yawan laushin da ke cikin ƙasar, yadda take canzawa da ruwa, adadin ruwan da ta fi dannuwa da shi, da gwajin CBR, wanda ke kwatanta ƙarfinta da na fasasshen dutse. Ƙa'idar Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya tana neman CBR 30 (wato kashi 30 cikin 100 na ƙarfin dutsen) a shimfiɗar tsakiya ta titi, da 80 a shimfiɗar da kwalta ke hawa kai tsaye. Baƙar laka idan ta jiƙe sau da yawa ko 5 ba ta kaiwa. Kuɗin wannan gwaji bai kai na tifa kaɗan na burji ba.

Na biyu, me za a ɗora, kuma nauyinsa zai kai ina? Tayar mota tana damun santimita 50 zuwa mita ɗaya na sama. Bene mai hawa uku yana aika nauyinsa mitoci da yawa ƙasa. Yawancin hanyoyin gauraya ƙasa da sinadari santimita 15 zuwa 30 kawai suke gyarawa, saboda haka abin da ya ceci titi ba lallai ya ceci fandisho ba.

Na uku ruwa: ina yake taruwa da damina, kuma zurfin nawa yake a rijiyoyin unguwar a watan Agusta? Sai kuɗi, wanda a aikin ƙasa nisan ɗauko kaya ne ke yanke shi fiye da farashin kayan. Sai kayan aiki da hannun da ya iya. Na ƙarshe, idan an kuskure, wane irin lahani za a samu, kuma ana iya gyara shi?

Dannewa kaɗai, da gauraya ƙasa da ƙasa

Wannan ita ce hanya mafi araha, kuma babu wata hanyar da ke aiki ba tare da ita ba. Kakanninmu sun san ta: daɓen ɗaki da ake yayyafa wa ruwan makuba ana bugawa har ya yi sheƙi, ilimin ɗaya ne. Ƙasa busasshiya ba ta dannuwa saboda ƙwayoyinta ba sa zamewa su shiga juna. Wadda ta jiƙe sharkaf kuma ruwa ya cika guraben, sai ta riƙa motsi a ƙarƙashin rola. A tsakani akwai adadin ruwan da ya dace, wanda injiniyan Amurka R. R. Proctor ya tsara yadda ake gano shi a 1933, kuma har yau da gwajinsa ake aiki.

Ƙa'idar ita ce a shimfiɗa ƙasa santimita 15 zuwa 20, a jiƙa, a danne, sannan a ƙara wata. Abin da ya fi damuna a wuraren gini shi ne ganin an cika ɗaki da ƙasa mita guda a tashi ɗaya, an kwarara ruwa, an ce ta kwanta. Samanta ne ya kwanta. Bayan damina biyu tayil zai fara ƙara idan an taka, sannan ya fashe.

Idan ƙasar tana da rauni ta fuska ɗaya, ana iya cike mata da wata: jar ƙasa mai yawan laka a gauraya ta da yashin kogi, yashi tsantsa a ba shi ɗan jar ƙasa ya kama. Ƙarkon wannan hanya yana da kyau matuƙar ruwa bai kwanta a kai ba. Iyakarta a fili take: ko sau nawa rola ta bi ta kan baƙar laka, ranar da ta sha ruwa za ta kumbura, kuma wadda aka danne a bushe ta fi kumbura ma.

Kwashe ƙasar a zubo wata

Ita ce 'yan kwangila suka fi sabawa da ita, domin ba ta buƙatar ilimin sinadari: katafila, tifa, gireda, rola. Idan mummunar ƙasar ba ta wuce mita ɗaya ba, kuma ramin burji na kusa, da wuya a sami abin da ya fi ta.

Lissafin ne ke juyawa da sauri. Ɗauki gini mai faɗin mita 15 da tsawon mita 15. Haƙa mita ɗaya na nufin kubik mita 225. Da yake ƙasa na raguwa idan an danne ta, za ka sayi kusan 280. Da tifa mai cin kubik mita 10, sawu 28 ke nan na shigowa, ban da na fitar da tsohuwar. A titi kuwa, inda ake maganar kilomitoci, idan ramin burji ya yi nisa dizal kaɗai zai cinye kasafin. A filayen laka na gabashin Borno, inda za ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga tsakuwa ba, wannan ce babbar matsalar gina hanya.

Akwai haɗari guda da ba a cika faɗa ba. Idan ka haƙa rami a cikin laka ka cika shi da yashi, ka gina tafki a ƙarƙashin gidanka: ruwa zai ratsa yashin ya taru, lakar da ke kewaye ta riƙe shi, ta kuma kumbura daga ƙasa. A kan laka mai kumbura, jar ƙasa mai ɗan danƙo wadda ba ta kumbura ta fi yashi dacewa da ciko. Injiniyoyin Indiya, waɗanda suke fama da irin wannan baƙar laka, sun daɗe da amfani da wannan dabara a ƙarƙashin hanyoyin ruwa da gine-gine.

Siminti

A kan ƙasar da ta dace da shi, siminti ba shi da na biyu wajen saurin ba da ƙarfi. Ƙasar kuwa ita ce yashi, jigawa, burji da jar ƙasa marar yawan laka. Kashi 4 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ƙasar yakan isa ga burji da jar ƙasa, yashi mai laushi kuma yakan ci fiye da haka. Cikin kwana 7 shimfiɗar ta zama kamar raunannen kankare. Samunsa ma ba wuya, ga masana'antu a Kalambaina ta Sakkwato, Ashaka, Obajana, Gboko, da Malbaza a Nijar.

Ga yadda za ka lissafa kuɗinsa da farashin yau. Murabba'in mita ɗaya mai kaurin santimita 15 na dannannen burji yana da nauyin kusan kilo 300. Kashi 5 cikin 100 kilo 15 ke nan, wato buhu ɗaya zai rufe murabba'in mita 3 da ɗan ɗoriya. Kilomita ɗaya na titi mai faɗin mita 7.3 zai ci kusan buhu 2,200. Farfajiyar sito mai murabba'in mita 1,000 za ta ci buhu 300.

Wahalarsa lokaci ne. Daga sa'ar da ruwa ya taɓa simintin, kana da kimanin awa 2 ka gauraya, ka baza, ka gama dannewa. A zafin Maris da Afrilu lokacin ya fi haka gajarta. Idan rola ta makara, tana fasa abin da ya fara kamawa ne, kuma ba zai sake kamawa da ƙarfin farko ba. Bayan nan sai a riƙe danshi na kwana 7, abin da iskar hunturu ke yi wa ƙafar ungulu. Ƙara siminti fiye da ƙima kuma ba ƙarin alheri ba ne: shimfiɗar takan tsuke ta tsage, tsagar ta biyo ta fito a fuskar kwalta, ruwa ya sami ƙofa.

A kan laka mai danƙo fa? A nan ake asara. Lakar tana dunƙulewa, simintin ya lulluɓe bayan dunƙulen, cikinsa yana nan yadda yake. Ana buƙatar ninkin adadin kafin a ga wani abu, kuma kumburin bai tafi ba. Baƙar ƙasar gona mai ruɓaɓɓen ciyayi ita ma tana hana siminti kamawa. A kankare ta a ajiye gefe kafin komai.

Laim

Wannan shi ne abin da aka fi yi wa rashin adalci a wurinmu, alhali shi ne aka yi domin laka. Laim dutsen farar ƙasa ne da aka ƙona a wuta mai tsanani. Iri biyu ne: mai zafi, wanda bai taɓa ruwa ba, da wanda aka kashe da ruwa ya zama gari. A kula, niƙaƙƙen dutsen da ba a ƙona ba, da farar ƙasar shafe da ake haƙowa, ba sa yin wannan aiki ko kaɗan.

Aikinsa hawa biyu ne. Cikin sa'o'i kaɗan sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana sa ƙwayoyin laka su dunƙule ƙanana-ƙanana, danƙon ya ragu, ƙasar da ke manne wa taya ta koma mai ruguzuwa a hannu, kumburin kuma ya faɗi sosai. Hawa na biyu a hankali yake tafiya: laim yana narkar da sinadaran silika da alumina na cikin lakar, su haɗu su zama wani irin siminti a cikin ƙasar kanta, ƙarfin yana ƙaruwa tsawon watanni. Zafi yana hanzarta wannan, saboda haka yanayinmu yana taimakonsa. Adadin da aka saba shi ne kashi 3 zuwa 8 cikin 100, kuma ana gano na kowace ƙasa da gwaji mai sauƙi na auna kaifin ruwan cakuɗin har ya kai 12.4 a ma'aunin pH.

Ba ya gaggawa irin ta siminti. Ana gauraya shi a bar shi kwana ɗaya zuwa uku ya ratsa, a sake gaurayawa, sannan a danne. Ga ƙaramin ɗan kwangila mai gireda ɗaya da rola ɗaya, wannan sassauci babban abu ne. Idan ana son ƙarfi da wuri, sai a fara da laim kashi 2 ko 3 ya karya danƙon, a biyo da siminti. A kan baƙar laka, wannan haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai.

Matsalolinsa uku ne. Samu: ba ya cikin kowace kasuwa yadda siminti yake, sai an yi odarsa, kuma idan ya daɗe a buɗe iska na kashe ƙarfinsa. Lafiya: mai zafin yana ƙona fata, yana iya makantar da ido, don haka tabarau, safar hannu, takalmi da takunkumi wajibi ne ga lebura, kuma ba a baza shi ranar iska. Na uku shi ne mafi muni: idan ƙasar na da gishirin salfet, irin wanda jifsam (farin dutse mai laushi da ake sa wa siminti) ke ɗauke da shi, laim ko siminti zai haifar da wani ma'adini mai kumbura, shimfiɗar ta tashi ta wargaje fiye da da. Idan salfet ya haura kusan kashi 0.3 cikin 100 sai a yi hattara. A yankunan da ake haƙar jifsam, irin su sassan Yobe, Gombe da Sakkwato, kada a tsallake wannan gwaji. A kan yashi tsantsa kuwa laim ba shi da abin da zai kama, asara ce kawai.

Toka a matsayin mai taimako

Tokar ɓuntun shinkafa, idan ta ƙonu da kyau ta yi fari-fari, mafi yawanta silika ce. Ga ɓuntu jibge a injinan Kano, Haɗeja, Argungu da Birnin Kebbi. Kamfanin sukari na Numan ma, wanda ke zaune a yankin baƙar laka, yana fitar da tokar tuƙar rake. Jami'o'inmu sun yi bincike mai yawa a kan waɗannan, har da ragowar kabayid na masu walda, wanda a zahiri laim ne kasasshe. Abin da za a riƙe shi ne, toka ita kaɗai ba ta kamawa. Tana buƙatar laim ko siminti, sai ta rage adadin da za a saya. Baƙar toka mai gawayi daga ƙonawar fili ba ta da tabbas, wannan tari daban, wancan daban. Na yarda da ita a hanyar gona da farfajiya. A babban titi sai an gwada kowane kaso.

Kwalta

Gauraya ƙasa da narkakkiyar kwalta, kashi 3 zuwa 6, ya dace da yashi marar laka. Tana manne ƙwayoyin, tana hana ruwa shiga, kuma ba ta tsagewa irin ta siminti domin tana lanƙwasa. Sai dai ita ce mafi tsada a cikin abubuwan gaurayawa, farashinta na bin dala saboda yawancinta daga waje ake shigo da ita, kuma tana son injin gauraya na gaske. A laka ba ta shiga. Ga mai ƙaramin aiki, da wuya ta fi siminti riba.

Shimfiɗar roba da ragar roba

Jiyotekstayil wani kakkauran yadi ne na roba da ake shimfiɗawa tsakanin laka da burji. Ba ya canza ƙasar, raba su yake yi. Ba tare da shi ba, duk tifar burjin da ka zuba a hanyar fadama taya za ta tura ta cikin taɓo, taɓon ya hauro, shekara mai zuwa ka sake saye. Ragar roba kuma tana riƙe tsakuwa a cikin idanunta ta baza nauyi, har a iya rage kaurin ciko. Shimfiɗa su ba wuya, leburori kaɗan sun isa: a ɗora gefe kan gefe aƙalla santimita 30, har mita ɗaya a ƙasa mai laushi sosai, a rufe da wuri domin rana na cin robar, kuma kada mota ta taka kafin a zuba ciko. A binne suna daɗewa shekaru masu yawa. Ba sa hana baƙar laka kumbura, kuma akwai marasa inganci a kasuwa da ke yagewa a ƙarƙashin tsakuwa.

Idan laushin ya kai mitoci da yawa, kamar a Legas da Fatakwal ko gindin gada, magana ta koma ta turakun kankare da ginshiƙan tsakuwa. Wannan aikin kamfanoni ne masu injuna na musamman, bayan an haƙa rijiyoyin gwaji.

| Hanya | Ƙasar da ta dace | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Dannewa da gauraya ƙasa | Burji, jar ƙasa, yashi | Mafi araha | Mai kyau in ruwa na wucewa | Mai sauƙi | Ciko mai kauri a tashi ɗaya |
| Canza ƙasa | Mummunar ƙasa marar zurfi | Ya danganta da nisan rami | Mai kyau | Mai sauƙi | Taruwar ruwa a cikin cikon |
| Siminti | Yashi, burji, jar ƙasa marar danƙo | Matsakaici zuwa tsada | Mai kyau sosai | Yana son sauri | Tsagewa, makarar rola |
| Laim | Laka mai danƙo, baƙar laka | Matsakaici, samu da wuya | Yana ƙaruwa da lokaci | Akwai sassauci | Salfet, ƙunar fata da ido |
| Toka da laim ko siminti | Laka, jar ƙasa | Araha in tana kusa | Ya danganta da tokar | Matsakaici | Rashin daidaiton inganci |
| Kwalta | Yashi marar laka | Tsada | Mai kyau | Sai da inji | Mummunan gauraye |
| Shimfiɗar roba | Fadama, taɓo | Matsakaici | Mai daɗewa a binne | Mai sauƙi | Rana, jabun kaya |

Wa zai ɗauki wanne

Mai titin unguwa ko hanyar ƙauye a yankin jar ƙasa: burji mai kyau, dannewa hawa-hawa, tsakiyar titi ta fi gefe tudu, da lambatu da kwalbati. Kuɗin da za ka sa a siminti, sa shi a magudanar ruwa.

Mai tashar manyan motoci, sito ko farfajiyar masana'anta a kan burji ko yashi: siminti, da sharaɗin rola da tankar ruwa suna wurin kafin a fasa buhun farko. A ƙasar jigawa inda burji ya yi nisa, shi ne ma zaɓin farko, kwalta tana biye idan kasafin ya ɗauka.

Mai hanya a kan baƙar laka: laim a shimfiɗar ƙasa, ko laim sannan siminti, bayan gwajin salfet, a kuma ɗaga titin sama da inda ruwa ke kwanciya, a rufe kafaɗunsa domin daga gefe danshi ke shiga ya tsaga kwalta a tsaye.

Mai hanyar shiga gonar fadama ko wurin da ruwa ke kusa: shimfiɗar roba, burji a kai. Idan aikin na gaggawa ne kuma lakar ta jiƙe, laim mai zafi yana busar da ita cikin sa'o'i.

Mai gina gida a kan baƙar laka shi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin babu ɗaya daga cikin hanyoyin gaurayawa da zai wadatar da shi. Danshi yana hawa da sauka a wannan ƙasa har zurfin mita 1.5 zuwa 3, laim kuwa na sama kawai ya gyara. Idan lakar ba ta da zurfi, a haƙe ta a kai ga ƙasa mai ƙarfi. Idan tana da zurfi, sai fandisho na faifan kankare mai rodi wanda zai motsa gaba ɗaya, ko turaku da suka wuce inda danshin ke canzawa, a ɗaure su da bim. Laim ko jar ƙasa marar kumbura su shiga ƙarƙashin daɓen ɗakuna da tsakar gida. A zagaye ginin da daɓen kankare mai faɗin mita 1.5 mai gangara waje, a kai ruwan indararo nesa, a nisanta sokawe da famfo daga bango. Darbejiya da turare kuma, waɗanda saiwarsu ke tsotse danshin gefe ɗaya na gini, a dasa su nesa da bango da aƙalla tsawon da itacen zai kai idan ya girma.